Ranar da Kantar Maliki Ta Shiga Daji

Kantar Maliki, motarsa ta ɗaukar kaya, ta daɗe a ajiye a ƙofar gidansa a Magajin Gari, har mutanen unguwa suka mayar da ita abin kwatance. In baƙo ya tambayi gidan wanzami, sai a ce ya miƙe har ya iske wata shuɗiyar mota a gindin darbejiya, ya bi ta hagunta. Tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito a gefensu ta bushe ta sake fitowa, awakin maƙwabta kuma sun gane babu inuwar da ta kai ƙarƙashinta sanyi.

Maliki direba ne tun yana saurayi. Ya yi karen mota, ya tuƙa motocin mutane, sai da furfura ta fara fito masa a gemu sannan ya samu ya sayi tasa, ta hannu. Da ita yake ɗauko masara da dawa da doya daga ƙauyukan Kakangi da Dogon Dawa zuwa kasuwa. Mota ce mai shan dizal, wanda direbobi ke ce wa gas, kuma a lokacin da ya saye ta wannan abin alfahari ne, don ga ƙarfi ga rashin shan mai.

Daji ne ya fara lalacewa. 'Yan bindiga suka riƙa tare hanya, ƙauyuka suka watse ɗaya bayan ɗaya, manoman da yake ɗaukar wa kaya suka zama 'yan gudun hijira a cikin gari. Duk da haka bai haƙura ba, ya koma bin ayarin da jami'an tsaro ke rakawa Kaduna. Sai kuma gas ya yi tashin gwauron zabo. Ya kai ga in ya je ya dawo, abin da ya samu a gidan mai yake ƙarewa, shi kuwa ya shigo gida da ciwon baya kawai. Wata ranar Asabar ya ajiye motar a gindin darbejiyar, ya cire batir ya kai ɗaki, ya ce sai abin da hali ya yi. Daga nan ya koma zaman tasha, yana taya 'yan kamasho lodi, ana sallamarsa da abin cefane.

Gidan nasa kuwa cike yake. Yayarsa Huraira da mijinta Malam Ɗalha sun gudo daga Unguwar Abarshi, wani ƙauye can gaba da Kakangi, da surukansu mata da jikoki. Zulaiha, matar Maliki, ta bar musu ɗakinta ta koma na miji, aka share zaure aka sa wa Malam Ɗalha tabarma. Ba a taɓa yin faɗa ba, amma tukunya ɗaya, banɗaki ɗaya, da yara da yawa, kowa ya san zaman haƙuri ake yi. Malam Ɗalha, wanda a da rumbunansa ake nunawa in ana maganar noma a yankinsu, ya wayi gari ba shi da aiki sai tufkar igiya. Yakan tufka ta yi tsawo, ya warware, ya sake.

Ana cikin haka Naziru, babban ɗan Maliki da ke sayar da wayoyi a Kaduna, ya zo ganin gida. Bayan sallar magariba ya zauna kusa da mahaifinsa ya yi masa bayani a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ya ce ƙasashen da ke ƙera motoci sun fara juya wa masu shan gas baya, wasu ma sun sa lokacin da za su daina yin su baki ɗaya. Ya ce motocin lantarki ake yayi a can, man ma da ake haƙowa ya rasa masu saye kamar da. Shawararsa ita ce a sayar da Kantar tun ƙarfenta na da daraja, a ja jari da kuɗin.

Maliki bai musa ba, don shi ma ya ji wani abu mai kama da haka a rediyo. Bayan kwana kaɗan Naziru ya turo wani mai sayen ƙarafa, Munzali. Mutumin ya zaga motar yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa, ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza ƙyauren baya. Bai tambayi lafiyar inji ba, bai ce a tayar ya ji ba, nauyinta kawai yake aunawa da ido. Ya ce a nan za su yanka ta, su kwashe a tirela. Maliki ya ji kamar ana taya saniyar da ya raina tun tana maraƙa a gaban mahauta. Ya ce a ba shi zuwa bayan kasuwa mai zuwa ya yi shawara, amma a ransa ya riga ya sallama.

Kafin ranar ta zo ya bi ta garejin Gabriel don ya gaya masa, tunda shi ke duba motar tun ranar da aka kawo ta. Gabriel mutumin Gbagyi ne, a garin aka haife shi, kuma yanzu da manyan motoci suka yi ƙaranci injinan niƙa da janareto yake gyarawa. Ya saurari Maliki yana wanke hannu da toka, sannan ya tambaye shi yaushe rabonsa da ya tambayi kuɗin litar gas. Maliki ya ce ya daina tambaya tun da ya ga tambayar hawan jini take sa masa. Gabriel ya ce to kuɗin ya sauko, kuma yana kan saukowa. Masu injin niƙa da suka rufe sun fara kiransa ya zo ya tayar musu.

"Ai shi ne abin tsoron," in ji Maliki. "Yaron nan ya ce duniya ta daina son man. In sun daina so, ba sai ya ɓace ba?"

"Oga Maliki, ka taɓa ganin tumatir ya ɓace a kasuwa don masu saye sun yi kaɗan? Sai dai mai kwando ya biyo ka yana roƙo."

Maliki ya yi murmushi, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Gabriel bai ɓoye masa sauran ba. Ya ce maganar Naziru da gaskiya a ciki: ranar na zuwa da kayan gyaran irin wannan mota za su yi wuya, sai an tono su a kasuwar Panteka ta Kaduna kamar ana neman allura. Amma a ganinsa ba bana ba ne, ba kuma baɗi ba, kuma har yanzu bai ga motar lantarkin da za ta hau tudun Kakangi da buhunan masara ba.

A daidai wannan lokacin ne maganar sulhu ta yi ƙarfi. An yi ta zama tsakanin manyan gari da hukuma da mutanen daji, kasuwar shanu da ta daɗe a rufe ta sake ci, masu ƙarfin hali suka fara leƙa gonakinsu. Ba kowa ya yarda ba, don an sha yin irin haka a baya ya wargaje. Malam Ɗalha dai ya hau bayan mashin ɗin wani ɗan ƙauyensu ya je ya gano. Ya dawo da yamma ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya ce bangayen na nan tsaye, an ƙone rumbuna an kwashe kwanon rufi, amma rijiya da ruwa, kuma gidaje kaɗan sun riga sun koma. Ya ce shi kam ba zai bari ruwan fari ya same shi a zauren wani ba.

Matsalar ita ce kaya. Akwai kwanon rufi da katako da dangi suka haɗa musu, ga iri, ga turmi da tukwane, ga mata da ƙananan yara. Ƙananan motoci ba sa iya hanyar, manyan da suka rage a tasha kuma masu su sun ce ba da su ba. Da safe Huraira ta sami ƙaninta yana shan koko a tsakar gida, ta zauna a kan turmi kusa da shi.

"Maliki, na ji za ka ba masu yanka motar nan."

"Haka nake tunani, Yaya."

"To kafin su yanka ta, ta kai ni ɗakina. Ko sau ɗaya ne. In ta kai ni, ka yi yadda ka ga dama da ita."

Ya ce mata motar ta daɗe ba ta tashi ba, hanyar kuma ba wanda zai ce ga yadda take. Ta ce ta sani. Zulaiha na bakin murhu tana jin su, ba ta sa baki ba sai da Huraira ta tashi. Sannan ta ce masa ita ba ta son tafiyar, kuma kada ya ɗauka don ta matsu a bar mata ɗaki ne za ta ce ya je. Amma ta ga yadda Malam Ɗalha ke ramewa, in ya ƙara damina a zaure ba ta jin zai kai kaka.

Gabriel ya zo da akwatin kayan aikinsa da aron batir, don na ɗakin ya mutu tuni. Ya sauke tanki ya wanke, ya canza matatar mai, ya fitar da gidan ɓera daga cikin bututun iska. Aka kai tayoyi wajen mai faci. Ranar da za a gwada ta, maƙwabta suka taru kamar ana suna. Maliki ya murza makulli, injin ya yi tari ya yi shiru. Gabriel ya sassauta wani noti ya fitar da iska, ya ce a sake. A karo na gaba ta kama, ta turnuƙe unguwar da baƙin hayaƙi, mata na toshe hanci suna dariya. Maliki ya zauna riƙe da sitiyari yana jin motar na karkarwa a ƙarƙashinsa.

A gidan mai ya sa aka cika tanki, ya kuma cika jarkoki biyu, don daga nan babu wani wurin shan mai sai ya dawo. Da aka faɗa masa kuɗin sai ya sa mai zubawar ya maimaita, yana tsammanin kuskure ne. Ba araha ba ce irin ta da can, amma kuɗi ne da mutum zai biya ya yi tafiya ya dawo da wani abu a aljihu.

Suka tashi da hantsi, don kowa ya ce kada su yi sammako kada kuma su yi yamma. Gabriel ya ce bai yarda da famfon mai ba tukuna, saboda haka da shi za a je. Shi da Malam Ɗalha suka zauna gaba, Huraira da surukanta da yara suka hau baya a kan buhuna, kwanon rufi a ɗaure a gefe. A shingen ƙarshe na bakin gari wani jami'in tsaro ya hau ya duba kaya. Da ya ga jarkokin sai fuskarsa ta canza. Ya ce Maliki ya san dai yadda ake kallon duk wanda mansa ya faɗa hannun mutanen daji, ko da ƙwace aka yi masa. Sulhu bai goge wannan ba. Maliki ya ce ya sani, na motarsa ne. Jami'in ya ce to zai so ya ga jarkokin nan da idonsa in sun dawo, ko cike ko wayam.

Har Kakangi tafiya ta yi daɗi. Sun wuce mutane na sharar gona, da mata ɗauke da itace, wasu na ɗaga musu hannu don sun gane motar. Daga nan suka sauka kan hanyar ƙasa, daji ya rufe su. Zafin bazara ya sauko, ganyaye sun zube, ana hango nesa ta tsakanin itatuwa, kuma wannan ya fi duhun damina sa mutum waige-waige. Yaran da ke waƙa a baya suka yi shiru da kansu. Hanyar ta zaizaye, wani wurin sai Gabriel ya sauka ya jera duwatsu a rami, Maliki ya sa babbar giya motar ta yi gurnani ta haye.

A gangaren wani busasshen rafi suka same su. Mashina uku ne a tsaye a tsakiyar yashi, da samari a kewaye, bindigogi a rataye a kafaɗa. Babu wurin juyawa, babu kuma amfanin gwadawa. Maliki ya taka birki, ya bar injin na aiki, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Ya ji Malam Ɗalha na karanta addu'a ƙasa-ƙasa, ya ji wata cikin surukan ta ja yaro jikinta.

Wani dogo mai tabo a haɓa ya matso, da alama shi ne babbansu. Ya yi sallama, Maliki ya amsa. Ya tambayi ina za su, Malam Ɗalha ya ce gida, Unguwar Abarshi, za su gyara ɗakuna kafin ruwa. Dogon ya ce madalla, ai an yi sulhu, kowa ya koma gonarsa. Yana maganar ne idonsa na kan kayan da ke baya. Wani ƙarami a cikinsu ya taka taya ya leƙa, ya yi magana da Fulatanci, sai ga shi ya sauko da jarka ɗaya.

Dogon ya ce mai ya ƙare musu tun safe, tura mashin suke yi, Allah ne ya kawo Baba.

Maliki ya dubi jarkar. Ya tuna fuskar jami'in nan na bakin gari, ya tuna mutanen da aka nuna da yatsa a kasuwa aka ce su ke kai wa daji mai, da yadda suka ƙare. Ya ce, "Samari, wannan gas ne, ba fetur ba. Ba zai tayar muku da mashin ba."

Ƙaramin ya ce mai ai mai ne, tsoho wayo yake so ya yi musu. Ya ja jarkar zuwa mashin ɗinsa ya buɗe murfin tanki. Gabriel ya buɗe baki zai yi magana, Maliki ya taka masa ƙafa. Dogon ya bi yaron nasa, ya karɓi jarkar, ya tsoma yatsa ya murza, ya kai hanci. Ya yi tsaki ya mayar da murfi. Ya ce wa ƙaramin in yana so ya ɗauki mashin ɗinsa a ka har sansaninsu to ya zuba. Ya manta yadda suka kashe mashin ɗin wane da irin wannan man bara? Sauran suka fashe da dariya, ƙaramin ya ɓata fuska ya koma gefe.

Dariyar ba ta kwantar wa Maliki da hankali ba, don ya san wanda ya nemi abu ya rasa yakan nemi wani a madadinsa. Dogon ya ɗauko jarkar da kansa ya zagayo bayan mota don ya mayar. Ya ɗaga ta sama, Huraira ce ta fi kusa, ita ta miƙo hannu ta karɓa. Maliki na kallonsu ta madubi. Ya ga mutumin ya dubi fuskarta, ya daɗe bai sauke hannu ba, sannan ya kawar da kai gefe kamar wanda rana ta haske wa ido. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. Ya tambaya ko suna da ruwan sha. Huraira ta miƙa masa babbar gorar da suka cika a gida. Ya sha, ya ba sauran, ya dawo da ita saura kaɗan. Ya sa aka janye mashinan daga hanya.

"Ku wuce, Baba. Ka dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Akwai waɗanda ba mu ba a gaba da rafin nan in yamma ta yi."

Maliki ya sa giya. Motar ta yi tsalle kafin ta kama yashin ta haye. Suka yi nisa da rafin. Sai Gabriel ya ce tun da yake gyaran mota bai taɓa son warin gas kamar yau ba. Malam Ɗalha ya yi dariya har da hawaye, ya goge da hannun riga, ya ci gaba da cewa alhamdu lillahi.

Unguwar Abarshi ta bayyana daga bayan wani tudu. Ciyawa ta cinye hanyoyin cikin gari, bangaye tsaye babu rufi, inda rumbuna suke sai baƙin da'ira a ƙasa. Amma hayaƙin girki na tashi daga gidaje biyu ko uku, kuma mangwaron bakin masallaci ya yi 'ya'ya har rassansa na taɓa ƙasa. Waɗanda suka riga dawowa sun ji ƙugin injin tun daga nesa, sun fara shiga ciyawa don ɓuya, sai wani tsoho ya ce wannan kukan Kantar Maliki ne, ya san shi. Suka fito suka kewaye motar. Yaran suka dira suka nufi mangwaro tun kafin a sauke kaya.

Huraira ta shiga gidanta ta tsaya a tsakar gida tana duban ɗakin da ta haifi 'ya'yanta duka a ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance ɗaurin tsintsiya daga cikin kaya ta fara shara daga bakin ƙofa. Maliki ya kawo mata turminta ya ajiye inda ta nuna. Da ta ga babu kowa kusa sai ta tsaya ta jingina da bango.

"Ka ga mai tabon nan? Jaji ne, ɗan Juwairiyya da ke kawo mana nono. A nan gindin bangon take ajiye ƙwaryarta in za ta shiga kasuwa, shi kuma in ba shi tuwo ya ci kafin ta dawo."

"Ya gane ki, Yaya?"

"Ya gane ni. Ni ma na gane shi tun yana nesa. Na ga in na kira sunansa a gaban abokansa, ban san abin da kunya za ta sa shi ya yi ba."

Maliki ya tambaye ta ko tana ganin yana cikin waɗanda suka ƙone garin. Ta ce ba ta sani ba, kuma yau ba ranar tambaya ba ce. Ta ci gaba da shararta.

Malam Ɗalha ya so su tsaya a dafa musu wani abu, Maliki ya ce an ba shi lokaci, kuma zai kiyaye. Kafin ya juya, mutane suka zo daga wani ƙauye na kusa wanda bai watse ba. Suna da masara da ta daɗe a ɗaki babu motar fitar da ita, har ƙwari sun fara ci. Ya ce su kawo abin da za a iya lodawa yanzu-yanzu, sauran sai wani zuwan. Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya lura ya ce wani zuwan. Gabriel ya dube shi ya kawar da kai yana murmushi.

A rafin ba su iske kowa ba, sai sawun tayoyin mashin da na ƙafafu a yashi, sun nufi yamma. Suka iso shingen bakin gari rana na shirin faɗuwa. Jami'in nan na wurin. Maliki ya sauka da kansa ya nuna masa jarkokin, ɗaya cike, ɗaya ya juye rabinta a tanki. Mutumin ya ɗaga igiya ya ce sannu da hanya, ya kuma tambayi yadda hanyar take, don shi ma yana da 'yan'uwa a wajen.

Zulaiha na tsaye a zaure tun da ta ji ƙarar motar daga kan kwana. Ta karɓi hularsa ta kawo ruwa, ba ta tambaye shi komai ba sai da ya yi sallah ya ci abinci. Ya ba ta labarin rafin, ya rage wasu wurare. Ta ce ta san ya rage, amma ba komai. Gidan ya yi musu faɗi a ranar, har ta ce ba ta san ta saba da hayaniyar yaran nan ba sai yanzu.

Washegari ya aika wa Munzali cewa a yi haƙuri, motar ba ta sayarwa ba ce a yanzu. Munzali ya ce babu damuwa, ƙarfe ba ya ruɓewa, duk ranar da ta gaji yana nan. Naziru ya kira daga Kaduna, ya fara da faɗan an shiga daji ba a gaya masa ba, ya ƙare da cewa maganarsa fa na nan, zamanin waɗannan motoci ya kusa wucewa. Maliki ya ce bai ƙaryata shi ba, shi ma nasa zamanin ya kusa, sai su ƙarasa tare. Ya roƙe shi in ya sami sarari ya leƙa Panteka ya nemo masa famfon mai na hannu mai kyau, a ajiye saboda gaba. Naziru ya yi gunaguni, amma a ƙarshen mako sai ga famfon an aiko a motar haya, naɗe cikin buhun siminti.

Ruwan fari ya sauka bayan haka ba da daɗewa ba. Malam Ɗalha ya hau tudun da ake samun sabis ya kira ya ce sun rufe ɗaki biyu, sun shuka gonar bayan gida, babbar sai an ga yadda zaman zai kasance. Kuɗin gas ya ɗan hau ya sake sauka, bai dai koma inda ya kwantar da motar ba. Maliki ya riƙa shiga duk ranar da ta biyo bayan kasuwa, ya tafi da hantsi ya dawo kafin yamma, wani lokaci ya ga mashina daga nesa, wani lokaci bai ga kowa ba.

Labari ya bazu a cikin masu gudun hijira cewa akwai motar da ke kai mutane gida. Wata safiya yana duba ruwan lagireto sai ga wani dattijo daga wajen Dogon Dawa da iyalinsa, da ƙullin kayansu, shi kuma ɗauke da ƙyauren katako a ka. Ya ce ranar da suka gudu ƙyauren kaɗai ya iya cirowa daga gidansa, mahaifinsa ne ya sassaƙa shi, kuma a kansa yake kwana tun da suka zo gari. Ya tambaya ko akwai wurinsa a motar.

Maliki ya ce akwai. Ya sa aka matsar da buhunan taki, suka kama ƙyauren su biyu suka kwantar da shi a hankali, ya shimfiɗa tsohon bargo a kai don kada kwanon rufi ya karce shi. Sannan ya ce wa matan su hau.